Ciwon Bai Kai Ba

Talata, da yamma

An sallame mu daga asibiti. Sai da mijina ya huta a kowane hawan bene kafin mu kai ƙofarmu, maƙwabcinmu na ƙasa yana biye da mu da kujerar roba. Da muka shiga ya tsaya yana kallon falon kamar na wani, sannan ya ce in buɗe taga, warin asibiti ya biyo shi.

Ban taɓa rubuta irin wannan ba. Amma kowa ya kira waya sai in ce da sauƙi, da sauƙi, har kalmar ta fara ɗaci a bakina. Ina son wuri ɗaya da ba sai na faɗe ta ba.

Abokan aikinsa sun ba ni labarin yadda abin ya faru. Yana tuƙa babbar bas cike da fasinja ya ji ƙirjinsa ya ɗaure. Ya kunna sigina, ya gangara gefen titi, ya ja birkin hannu, ya buɗe wa mutane ƙofa, sannan ya kifa kansa a kan sitiyari. A tasha Sannu-Sannu suke ce masa saboda bai taɓa gudu da mota ba. Wani a cikinsu ya ce ko faɗuwar ma a hankali ya yi ta. Na yi dariya don su ji daɗi.

Laraba, da safe

Ƙwayoyi kala-kala. Fara ƙarama da safe, mai ruwan hoda bayan abinci, wata ta ƙarƙashin harshe idan ya taso. Ba gishiri, ba ɗaukar kaya, ba ɓacin rai. Na jera su a faranti kusa da gado na tafi aiki.

A ɗakin wanki na otal ba wanda ya san duniya ta canza. Injina suna juyawa, zannuwan gado sun taru har ƙugu, tururin guga yana dukan fuska. Na fi samun natsuwa a nan, Allah Ya yafe mini.

Alhamis, bayan na taso aiki

Na je ofishin inshora.

Shekarun baya wasu mutane suka zo otal da takardu, suka ce akwai inshorar manyan cututtuka: a riƙa cire wani abu daga albashinka, idan kai ko mijinka wani babban ciwo ya kama ku, daji ko shanyewar jiki ko bugun zuciya, su ba ku kuɗi a dunƙule. Na sa sunana da nasa. Da na gaya masa ya ce, Manaja, wato kina biya wa ciwo kuɗin mota ya zo gidanmu. Manaja yake ce mini tun muna amarya da ango, wai komai sai na tsara.

Ofishin akwai sanyi. Wata matashiya mai gilashi ta karɓi takardun asibiti, ta yi mini jaje, ta ba ni ruwa a kofin takarda. Ta ce likitocinsu za su duba. Na fito ƙafata ba nauyi. A bas na zauna ina rarraba kuɗin da ban gani ba: hayar gida, magani, sai kuɗin makarantar 'yarmu Injiniya.

Asabar, da rana

Injiniya ta zo. Ita kaɗai Allah Ya ba mu, tana shekarar ƙarshe a jami'a, tun tana ƙarama take kwance rediyon ubanta, shi ya sa sunan ya bi ta. Ta zauna a bakin gado tana yanke masa farce, yana tsokanarta wai gadar da za ta fara ginawa shi ba zai bi ta kanta ba sai wasu sun gwada.

A kicin ta tambaye ni kuɗin zangon ƙarshe, tana kallon tukunya ba ni ba. Na ce an gama da wannan. Ban yi ƙarya ba, a lokacin.

Litinin, da yamma

Likitan kamfaninsu ya ce ba zai ƙara ɗaukar fasinja ba. Ko ƙaramar mota. Suka ba shi ɗan abin sallama da agogon bango mai hoton bas.

Ya rataye rigar aikinsa a bayan ƙofa. Na ce in wanke in ajiye. Ya ce in bar ta.

Talata

Bai ci komai ba.

Alhamis, da hantsi

Mutanen inshora sun kira. Na nemi izini a wurin aiki, shi kuma ya ce sai ya bi ni.

Mai gilashin ce dai. Ta jawo mana kujeru, ta buɗe takarda, ta juyo da ita wajenmu tana bin layin da bayan biro. Ta ce ba su musanta cewa ya yi ciwo ba. Amma a ƙa'idarsu akwai wani awo na jini da ya kamata ya kai wani mizani, kuma hoton zuciyar ya nuna ɓarna mai yawa. Nasa bai kai ba. Ta ce a gaskiya ma abin godiya ne, ƙarami ne ya same shi.

Na ce mata mutumin da aka raba da aikinsa na shekara da shekaru, ta yaya ciwonsa bai kai ba? Ta ce ta fahimta. Na ce ba ta fahimta ba. Na ce abubuwa da yawa, har wani mai gadi ya leƙo. Shi kuwa yana zaune da hularsa a gwiwa.

Da na gama sai ya tambaye ta a hankali, kamar mai tambayar hanya:

"'Yata, idan da babban ne fa?"

Ta ce da an biya duka, muddin yana raye. Ta ce sunansa yana nan a ciki, ba a cire shi ba, Allah dai Ya kiyaye.

Ya ce amin. Ya yi mata godiya har sau biyu.

A hanya ya ce, kin gani, ko a ciwo ma ban yi gudun da ya isa ba. Ban yi dariya ba.

Juma'a, da sassafe

Bai kai ba. Ina goge tawul ina jin kalmar a cikin ƙarar inji.

Lahadi, da yamma

Yau ya tashi da walwala. Ya yi aski, ya gyara makullin banɗaki da ya shekara yana wahalar da mu, ya ci abinci har da ƙari. Ya ce likita ya ce ya riƙa ɗan tattaki, zai fara gobe. Na ji daɗi. Na rubuta a nan don in tuna cewa na ji daɗi.

Talata, bayan na taso aiki

Injin tura ruwa na gidan ya sake lalacewa. Na dawo ina tunanin wanda zan ba kuɗi ya hawo mana da jarkoki, sai na tarar da su a jere a kicin, cike, har da babbar shuɗiyar da ni da Injiniya muke kama wa tare. Yana zaune a falo, rigarsa ta jiƙe, leɓɓansa sun yi fari.

Ya ce maƙwabci ne ya taimaka. Na gamu da maƙwabcin a matakala na yi masa godiya. Ya ce godiyar me?

Laraba

Gwangwanin gishiri ba ya inda na ɓoye shi.

Juma'a, da rana

Ranar ganin likitan zuciya. Dattijo ne mai ƙarancin magana. Ya auna jini, ya ɓata fuska, ya sake aunawa a ɗaya hannun. Ya tambaye shi ko yana shan magani kullum. Ya ce kullum, ga Manaja nan shaida, ita take jera su. Na ce haka ne, kullum farantin a share nake samunsa.

Likitan ya dube ni ta saman gilashi na ɗan lokaci. Ya ƙara wata ƙwaya.

Na roƙe shi ya rubuta wa mutanen inshora cewa ciwon ya fi yadda suka ce. Ya ce ba zai rubuta abin da na'ura ba ta nuna ba. Ya ce, Hajiya, da yawa suna fita daga ɗakin nan suna fatan a ce musu nasu ƙarami ne. Na ce na sani. Na ji kunya har cikin ƙashina.

Asabar, da safe

Wanki.

Duk wanda ya yi aikina ya san ba a jefa wando a ruwa sai an laluba aljihu. Hannuna yake yi da kansa, ko ban sa shi ba. Na samu zobe a aljihun baƙi, na samu kuɗin ƙasashen da ban san sunansu ba, na samu abin da ba ya faɗuwa.

A ƙaramin aljihun wandonsa mai ruwan toka, wanda yake tattaki da shi, akwai ƙullin takardar goge hanci. Na buɗe.

Farare. Masu ruwan hoda. Wasu sun narke sun manne da juna, kamar an fito da su daga baki.

Na mayar da ƙullin inda yake. Na wanke sauran kayan, na shanya, na dafa abinci. Ya ce ya yi daɗi amma da ɗan lami.

Asabar, da yamma

Wataƙila mantuwa ce. Wataƙila suna tayar masa da zuciya yana jin nauyin faɗa.

Lahadi

Ba mantuwa ba ce.

Litinin, da la'asar

Yaya ta zo, yayarsa, wadda ta goya shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. Ta kawo lemo da ayaba. Ba ya nan, ya fita tattaki. Ta zauna tana fifita da gefen mayafi, tana yi mini faɗa wai na rame, mai jinya ya fi majinyaci lalacewa.

Can sai ta ce, wai ni likita ne ya ce ya riƙa zagaya asibiti? Ta je karɓar maganin ƙafarta sau biyu a makon da ya wuce, duka biyun ta hango shi daga bas yana bin katangar babban asibitin da tsakar rana, da sauri kamar ana binsa. Ya kai ƙarshen katanga ya juyo. Ta ƙwala masa kira bai ji ba. Ta ce ita tunda take ba ta taɓa ganin ƙaninta yana sauri ba.

Na ce likita ne ya ce. Na tashi na shiga banɗaki na buɗe famfo, ko ruwa babu a ciki, na tsaya riƙe da shi.

Asibitin yana da nisa daga nan. Akwai fili a bayan gidanmu da tsofaffi suke tattaki da yamma, da inuwa da benci. Amma filin ba shi da ƙofar gaggawa.

Talata, da safe

Na ƙona zanin gado a wurin aiki. Shugabar sashenmu ta kalli tabon, ta kalle ni, ta naɗe shi ta tura ƙasan kwando.

Laraba, da yamma

Yau na kai masa maganin da hannuna, da kofin ruwa, na tsaya a kansa. Ya sa a baki, ya kurɓa, ya yi murmushi. Na ce ya buɗe bakinsa. Ya ce, Manaja, yaro kika mayar da ni? Na ce ya buɗe.

Bai buɗe ba. Ya tofar da ƙwayar a tafin hannunsa, muka tsaya muna kallonta tare.

Na ɗauka zai musa, ko ya yi faɗa. Sai ya jawo ni na zauna, ya yi mini bayani dalla-dalla yadda yake yi wa sabon direba bayanin hanya. Ya ce ba mutuwa yake nema ba, in daina kallonsa haka, yana tsoron Allah. Takardar ma ta ce sai yana raye za a biya. Ya ce likita da bakinsa ya ce wani ciwon zai iya zuwa, yau ko baɗi. To idan zai zo, gara ya zo yanzu da yarinya take buƙata, ya same shi a bakin ƙofar asibiti, da ya zo nan da shekara biyar ya same shi a banɗaki, ta riga ta bar karatu. Ya ce ya lissafa komai. Daga katangar zuwa ɗakin gaggawa ko a kafaɗa aka ɗauke shi za a kai shi da rai.

Na ce idan lissafin ya kuskure fa?

Ya ce shekara nawa yana ɗaukar rayukan mutane bai taɓa kuskure ba.

"Ina zaune a gidan nan kamar motar da aka cire wa taya," in ji shi. "Ki bar ni in yi tafiya ɗaya da za ta kawo wani abu."

Na ce zan gaya wa Yaya. Ya ce in gaya mata, ta zo ta yi kuka, ta tafi, ba ita za ta biya ba. Na ce zan gaya wa Injiniya. Nan ne kawai fuskarsa ta canza. Ya ce idan na yi haka, na ɗora wa yarinyar abin da ba za ta taɓa saukewa ba.

Gaskiya ya faɗa. Shi ne abin da ya fi ci mini rai.

Alhamis, da sassafe

Abin da ban rubuta jiya ba: lokacin da yake magana, akwai wani ɗan wuri a cikin kaina da yake bin lissafin tare da shi. Bai daɗe ba. Amma ya bi.

Alhamis, da yamma

Ya fita. Ba zan iya kulle babban mutum a ɗaki ba, ba zan iya barin aiki in tsare shi ba. Duk lokacin da waya ta yi ƙara a aljihuna sai in zaro ta da sauri.

Ya dawo da ƙafarsa, yana haki, da alamar wanda ya je tasha ya tarar mota ta tashi.

Juma'a, da hantsi

Na ce wa shugabarmu ina da uzuri. Na hau bas zuwa ofishin inshora.

Mai gilashin ta gan ni ta gyara zama, tana tsammanin faɗa na dawo yi. Na ce ina so a cire sunan mijina. Takardar tawa ce, daga albashina ake cira, ina da iko ko ba ni da shi? Ta ce ina da shi.

Ta ajiye biro. Ta ce ba aikinta ba ne ta hana ni, amma ita da mahaifiyarta ce da ta riƙe mata hannu. Mutumin da ya taɓa yin irin ciwonsa, idan ya fita, babu kamfanin da zai sake karɓarsa, har su. Duk abin da na zuba shekarun nan a kansa ya tafi. Kuma shi ne ya fi kowa kusa da buƙatarta. Ta ce in je in kwana a kai.

Na ce na kwana.

Ta tambaye ni ko don fushin abin da ya faru ne, akwai hanyar ɗaukaka ƙara. Na ce ta rubuta mini hanyar, zan bi, amma yau a cire shi. Ta daɗe tana kallona. Ban san abin da ta gani ba. Ta juya ga kwamfutarta, ta buga, ta miƙo mini inda zan sa hannu, na sa.

Da zan fita ta biyo ni har bakin ƙofa ta ce, Mama, Allah Ya ba shi lafiya. Wannan karon na yarda da ita.

Juma'a, da yamma

Na ba shi takardar yana ɗaura takalmin tattaki. Ya karanta a tsaye, ya zauna ya sake karantawa.

Bai ɗaga murya ba. Ya ce na san abin da na yi? Na ce na sani. Ya ce na yanke wa 'yata karatu da hannuna. Ya ce yanzu ko ya faɗi, faɗuwar banza ce. Na ce shi ya sa.

Ya cire takalmin, ya jera su a bakin ƙofa, ya shiga ɗaki.

Lahadi

Ba ya yi mini magana. Abinci idan na ajiye yana ci.

Talata, da safe

Na tsaya a bayan labule. Ya ɗauki fara, ya juya ta a hannu, ya haɗiye. Babu wanda yake kallonsa, a saninsa.

Na tafi aiki na yi kuka a tsakanin injina, inda ba a ji.

Asabar, da rana

Na gaya wa Injiniya kuɗin ba za su samu ba bana. Na ce inshora sun ƙi, ban ƙara komai ba. A waya ta ce ai dama ta yi zargin haka, ta riga ta tambaya, za a iya ɗage mata shekara. Akwai wani shagon gyaran waya da suke neman mutum. Ta ce, Umma, shekara ɗaya ce, gada ba za ta gudu ba. Muryarta ta yi tsayi da yawa, irin ta mai riƙe hawaye.

Yana jin mu daga ɗaki. Na ji ya juya fuska bango.

Na gaya wa mai gidan da muke haya za mu tashi ƙarshen wata. Yaya ta samo mana ɗaki biyu a ƙasa, bayan shagon wani mai walda. Akwai ƙara, amma babu matakala. Na karɓi aikin Lahadi a otal.

Litinin

Likita ya ce jinin ya fara sauka. Ya ce zuciyar dai sai lallaɓawa, babu alkawari.

Alhamis, da yamma

Muna cin abinci a cikin kwalaye, rabin kayan an ɗaure. Kawai sai ya ajiye cokali ya dafe ƙirji. Na miƙe, kwano ya kife. Na lalubo ƙwayar ƙarƙashin harshe na sa masa, na durƙusa ina riƙe da gwiwarsa. Muka kalli juna. Na san abin da yake tunani, ya san abin da nake tunani: idan babban ne, ga shi ya zo, kuma babu komai a bayansa.

A hankali ciwon ya sake shi. Ya jingina da bango, zufa tana bin wuyansa. Na ce mu tafi asibiti, ya ɗaga kai alamar to. Na ɗauko masa riga. Ina sa masa maɓalli ya riƙe wuyan hannuna, ya yi mini maganar farko tun ranar takardar.

"Ban yafe miki ba."

Na ce, "Kada ka yafe. Ka yi ta jin haushina, shekara talatin ma ina so."

Bai saki hannuna ba har muka sauka ƙasa.

Sun riƙe shi kwana ɗaya don su duba. Ina kan bencin waje. Gobe aikin safe ne da ni.